Ɗorawar Kan Iyaka

Malam Zulkifli ya fi son ranar Laraba, domin ranar ce yake koyar da tarihi a ajin ƙarshe na wata makarantar 'yan mata a Birnin Kudu. Ran nan darasin a kan yadda Amurka ta zama babbar daula ne. Ya zana taswira a allo, ya kai su shekarar 1898, lokacin da ta yaƙi Sifaniya ta karɓe Filifin da wasu tsibirai, ta kuma haɗiye Hawai.

"Ba dare ɗaya ta girma ba," in ji shi. "Yau tsibiri, gobe tashar jiragen ruwa. Mutanen kirki suna gani suna cewa ba komai. Wannan ba komai ɗin ita ke cinye duniya."

Da aka tashi, wata ɗaliba, Khairiyya, ta tsaya a bakin ƙofa. 'Yar garinsu ce, Gwaram, kuma gonar mahaifiyarta Inna Batulu tana maƙwabtaka da ta mahaifinsa.

"Malam, na gane darasin nan sarai. Kamar ɗorawarmu ne."

"Wace ɗorawa?"

"Ta kan iyaka. Da a gonarmu take. Tun da Babanmu ya rasu, kowace damina shanun huɗarku sai sun juya a ɓangarenmu, kunya ɗaya ta tafi. Yanzu itacen yana cikin gonarku. Bana Inna ba ta ɗebi kalwa ba, sayo ta yi don daddawa."

Ta faɗa cikin ladabi ta wuce. Shi kuwa ya tsaya da alli a hannu, domin damina uku daga ciki shi da kansa ya riƙe garmar.

Ranar Asabar ya hau babur sai Gwaram, bai ko shiga gida ba ya zarce gona. Ya tsaya a gindin ɗorawar ya ƙirga zuwa iyakar yanzu. Kunya bakwai. Shekara bakwai ke nan da rasuwar mijin Inna Batulu. Gari guda na bin hanyar nan kullum, da mai unguwa da liman, amma kowa ya ga dama ya bar kaza cikin gashinta.

Ya tarar da mahaifinsa, Alhaji Salihu, a zaure yana gyaran igiyar shanu. Ya gaishe shi, ya zauna ƙasa, ya faɗi abin da ya ƙirgo.

"Ai ba ta taɓa ƙorafi ba," in ji Alhaji.

"Baba, wa za ta kai wa? Kai ne aminin mijinta, kai ka yi wa gawarsa wanka."

"Shanu ne ba su san iyaka ba."

"Shanun ba su sani ba. Ni da ke bayansu na sani, na yi shiru."

Alhaji ya daɗe yana murza igiya. Sannan ya ce, "Wa ya tono wannan magana?"

Zulkifli ya ba shi labarin darasin, har da taswira da tsibiran. Tsohon ya yi murmushi.

"Wato ni ne Amurkar Gwaram. To, malamin tarihi, ita ta mayar da nata?"

"Ta saki Filifin, amma sai da ta kusa shekara hamsin."

"Mu bakwai muka yi. Ɗauko fartanya, kada a haɗa mu da su."

Kafin azahar sun haƙo saiwar gamba daga bakin fadama, sun dasa ta jere a tsohuwar iyaka, ɗorawar ta koma inda take. Alhaji ya aika aka kira mai unguwa ya shaida, aka kuma kira Inna Batulu. Ta zo da mayafinta a ka, ta dubi gambar, ta dubi itacen.

"Alhaji, da ka bari. Ai duk ɗaya ne."

"Da ɗaya ne da ba ki sayi kalwa ba, Batulu. Geron da ke kan kunyoyin nan ma naki ne, idan ya nuna ki aiko a yanka."

Ta dafa jikin ɗorawar, ta ce Allah Ya yi albarka.

A hanyar komawa gida Alhaji ya tsaya ya kakkaɓe ƙasar takalminsa.

"Laraba mai zuwa me za ka koya musu?"

"Yadda Amurka ta haƙa mashigin ruwa a Fanama."

"To bari in je in duba lambatun da na yi ta bayan gidan maƙwabcinmu Hambali, tun kafin 'yarsa da ke ajinka ta gane darasi."