Ƙwaya Uku a Hannun Hamna

…kuma ai rubutunsa ne, ba na wani ba. Ga shi nan a shafi na goma sha ɗaya, layi na ƙarshe: Hamna, matar Sajo, shekara ashirin da biyu, ƙwaya uku, Talata, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin. A gurbin da aka tanada domin masu juna biyu ya ja ɗan gajeren layi, alamar babu. Layin a miƙe yake sarai.

Malam Nasiruddeen yana zaune kan benci a tsakar gidansa da ke Abbare, rajista buɗe a kan cinyarsa, yana fuskantar ɗakin surukarsa, ɗakin da bai taɓa taka ƙofarsa ba. Yau Laraba, la'asar ta wuce. A ciki akwai Rachael, ma'aikaciyar jinya ta bayan layi, da Hamna a kwance, da kuma… da wanda har yanzu bakinsa ya kasa ambata.

Shekara goma sha tara yana raba wa unguwar nan maganin. Sau ɗaya a shekara. Maganin tsutsar da baƙin ƙudan bakin rafi ke zubawa a jikin mutum, ta yi ta yawo a ƙarƙashin fata, shekara da shekaru, har ta isa ido ta kashe shi. A cire takalmi, a tsaya jikin sandar awo, inda kai ya tsaya nan ne adadin ƙwaya. Ba a ba ƙaramin yaro, ba a ba wanda ciwo ya kwantar, ba a ba mai ciki. Shi da kansa ya koya wa sababbin masu rabo wannan, yana buga yatsa a kan tebur — ba a ba mai ciki, ku tambaya, kada ku yi zato!

Ku tambaya…

Mero, ke kin san ni ban taɓa tambaya ba. Shekara goma sha takwas ke ce bakina.

Haka suke yi, shi da marigayiyar matarsa. Shi a teburi da sanda da biro, ita a gefen layin mata da bokitin ruwa da moɗa. Kowace mace ta matso, Mero ta sunkuya kamar mai gyara mata mayafi, ta raɗa mata magana a kunne, sannan ta ɗago ta dube shi. Idan ta gyaɗa kai, ya ƙirga ƙwaya. Idan ta girgiza, ya rubuta "an ɗage," ya kira ta gaba, babu wanda ya ji, babu wadda ta kunyata. Wata takwas ke nan da aka kai ta makwanci. Jiya ne rabonsa na farko ba ita.

Ya yi ƙoƙari, Allah ne shaida. Matan unguwa ya tambaye su, idonsa a kan takarda: "Akwai uzurin da zai hana?" Har wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta riƙe haɓa ta ce, "Ni, Malam? In akwai, ai da gidan rediyo sun riga ka ji!" Aka kwashe da dariya, shi ma ya murmusa. Ashe abin mai sauƙi ne, ya ce a ransa. Mata sittin da ɗaya. Sannan ta sittin da biyu, wadda tun safe take miƙa wa mutane ruwa a madadin Mero.

Matar ɗansa. Shekara biyu a gidan nan bai taɓa kiran sunanta da baki ba, sai a rubuce. Ba ta taɓa kai loma baki a gabansa ba. Idan ya yi sallama, ta durƙusa ta kau da fuska, gaisuwarta ba ta wuce bakin hijabi. Da wane harshe suruki zai dubi matar ɗansa, a gaban sauran mata, ya tambaye ta abin da ke cikinta? Ko ta bayan fage ne, ai ta san me ake nufi, kuma ta san ya san… Ya riƙe sandar daga nesa, ya dubi zanen, bai dube ta ba. Uku. Hijabi har ƙasa, me za a gani? Ya ja layi.

Sauran duk ya rubuta a ɗan littafinsa na aljihu, don hannun ba ya iya zama haka nan. Talata, ƙarfe biyar na yamma: ta ajiye masa tuwo, bayan hannunta duk sawun farce. Laraba, bayan asuba: fuska ta kumbura, idanu sun ƙanƙance. Ƙarfe goma: jiri ya kayar da ita a gindin randa. Bai tsorata ba — abin da ya fi cin ransa ke nan yanzu, bai tsorata ba. Ya san wannan. Tsutsotsin ne ke mutuwa, jiki yana kokawa da gawarsu: ƙaiƙayi, kumburi, zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi. Yarinyar da ta tashi a ruga can bayan Iware, a bakin ruwa, iyayenta suna bin shanu, masu rabo ba su taɓa riskarsu a wuri ɗaya ba. Shanta na farko ke nan, dole ya yi mata ƙarfi. Mutum nawa ya faɗa wa cewa kwana biyu ne ko uku, zai wuce? Har wani daɗi ya ji a ransa: idanun yarinyar nan sun tsira.

Rachael ko minti biyar ba ta yi a ɗakin ba ta fito, ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu, ta yi magana da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Baba, kai ne ya ba shi maganin? Wannan yarinya yana da ciki fa. Wata biyar. Kuma tun safe bai ji motsi ba."

Da ta ga fuskarsa sai ta sauke murya. "Yawanci maganin ba ya taɓa ɗan, Baba. Zafin jikin ne ba na so, da faɗuwar. Bari in sauko da shi tukuna."

Yawanci… A ina ake rubuta yawanci? Cikin ɗari nawa? Ita tana cikin waɗanne?

Bara, Mero. Kin tuna bara? Kin sunkuya a kunnenta, kin ɗago, kin girgiza mini kai, kina danne murmushi. Na rubuta "an ɗage," na kira ta gaba, alhali zuciyata kamar ta fito ta yi rawa a tsakar gida. Bayan wata biyu gidan ya yi tsit, na gan ki kina shanya zannuwa a bayan ɗaki, idonki ja. Ba ki faɗa mini ba, ban tambaye ki ba. Na je masallaci na daɗe. Wancan Allah ne ya karɓi abinsa. Wannan fa? Wannan daga tafin hannuna zuwa nata…

Sajo yana can Gembu yana koyarwa, tafiyar wuni guda a mota. Ya bar masa ita amana, ya ce Baba na nan ai. Baba na nan. Wayar tana aljihu, nauyinta kamar dutsen niƙa. Ya kira ya ce me? Sai an san abin da za a faɗa. Idan kuma abin da za a faɗa shi ne —

"Baba!" Muryar Rachael daga ciki. "Ka ce wa Lawali ya kashe injin nan. Ina so in saurari zuciyar ɗan, ba na jin komai."

Ga shi a tsaye, ga shi a waje ba takalmi ba hula, shi da bai taɓa fita zaure ba hula ba. Lawali mai niƙa, maƙwabcinsa na jikin katanga, ya dube shi sau ɗaya, bai ce don me ba, ya kai hannu ya kashe. Matan da ke jiran niƙa suka buɗe baki za su yi ƙorafi, suka dubi ƙafafun Malam, suka rufe. Ya dawo. Ya kori kaji da hannu, a hankali, kada su yi kuka. Ya ɗaga rajistar ya ajiye a ƙasa don kada iska ta kaɗa shafi.

Shiru. Bai taɓa sanin unguwar nan tana da shiru irin wannan ba. Can nesa wani babur… ya wuce. Daga ɗakin, numfashin yarinyar, gajere, gajere, da ƙarar gado sau ɗaya.

Ta durƙusa. Jiya. Ta karɓi ƙwayoyin da hannu biyu, kamar yadda take karɓar komai daga gare shi. Amma ba ta kai baki ba. Ta daɗe… har ya ɗauka ruwa take jira, alhali moɗar tana gefenta. Sannan ta yi magana. Ita da ba ta taɓa fara yi masa magana ba, ko sau ɗaya cikin shekara biyu.

"Baba… in sha?"

Mata sittin da ɗaya ta ba ruwa da hannunta, ta ga kowacce ta haɗiye. Ba ta rasa sanin abin da ake yi da ƙwaya ba. Me take tambaya, in ba… Iyakar abin da kunya ta bar mata ke nan. Ta tattara duk ƙarfinta ta zo har bakin maganar, ta tsaya, tana jiran ya ɗago kai sau ɗaya kawai ya dube ta.

"Sha mana," ya ce, yana duba agogo don ya rubuta lokacin.

Ashe ta faɗa mini, Mero. Ta faɗa…

Yana zaune, tafukansa a buɗe kan gwiwa. Ya riƙe numfashinsa, kada shi ma ya hana a ji.