Ranar Inna

Malam Isyaku ya sauka daga adaidaita a bakin lungun Soron Ɗinki, babbar rigarsa ta riga ta manne masa a baya saboda gumi. Amininsa Malam Mikail ya dube shi ya yi dariya.

"Sai ka ce kai za a yi wa auren. Sa rana ce fa kawai, ba kotu za mu ba."

Isyaku ya share gumin goshinsa. Ɗansa Sadiƙ ne ke neman Khadijat, 'yar wannan gida, kuma yaron ya mutu a kanta, ko abinci ba ya ci sosai. Matsalar ita ce gidan 'yan birni ne na asali, masu tonon asalin mutum har kakan kakansa. Shi kuwa Isyaku, duk Gwammaja an san shi da tela haifaffen Fagge. Ƙarya ce. A Kukar Asibi aka yanke masa cibiya.

Wanda bai san Kukar Asibi ba sai ya ce to, sai me? Ƙauye ne da bai fi a zagaye shi kafin shayi ya huce ba. Tsofaffin garin sun ce wata mata ce, Asibi, aka kora daga birni a zamanin wata annoba, aka ce mayya ce. Ta je gindin wata kuka ta zauna, ta haƙa rijiya da hannunta, da fari ya zo ita ta shayar da duk wanda ya ratso. Mutane suka taru a kanta har aka yi gari. Amma bakin duniya bai bar su ba, har gobe ana cewa 'yan Kukar Asibi suna da maita a jini, ba a ba su aure, ba a karɓar nasu. Su kuma, don kunyar uwar garinsu wadda aka haifa ran Asabar, ba sa kama sunan wannan rana. Sai dai su ce ranar Inna. Yaron da ya kuskura ya faɗa, bakinsa ne zai sha mari.

Isyaku ya bar garin tun yana saurayi, ya sauya karin magana, ya sauya komai, amma harshensa ya ƙi wannan kalma guda. Masu kawo ɗinki sun saba da shi: "Ka dawo washegarin Juma'a."

A zaure, Alhaji Mamman, yayan mahaifin yarinyar, ya karɓe su da fara'a. Aka yi addu'a, aka raba goro.

"Mun bincika, ba mu ji komai ba sai alheri," in ji shi. "Ku yi haƙuri da jinkirin. Bara wani ya zo neman yayarta, yaro mai hankali, ashe kakarsa 'yar ƙauyen nan ce na mayu. Allah ne ya rufa mana asiri."

Isyaku ya ji goron da ke bakinsa ya koma kamar gawayi. Da aka zo tsayar da rana, sai ya sunkuyar da kai ya bar Mikail ya yi magana, aka tsayar da Asabar ta biyu bayan Babbar Salla. Har ya fara sauke numfashi, sai Alhaji Mamman ya miƙe.

"Malam Isyaku, taso ka gaida Hajiya. Mahaifiyarmu ce, in ba ta sa albarka ba, duk abin da muka yi a nan shirme ne."

Hajiya 'Yardada tana zaune a kan darduma a ƙofar ɗakinta, tsohuwa ƙanƙanuwa, carbi a hannu. Isyaku ya durƙusa ya kwashi gaisuwa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Kai ne uban yaron? Wace rana kuka sa?"

"Bayan Salla da mako biyu, Hajiya. Washegarin Juma'a."

Carbin ya tsaya a hannunta.

"Ita washegarin Juma'ar ba ta da suna ne?"

"Asabar yake nufi, Hajiya," in ji Alhaji Mamman.

"Ba kai na tambaya ba."

Tsoro ya kama Isyaku, irin wanda bai taɓa ji ba. Kalma ɗaya ce tsakanin Sadiƙ da matarsa. Ya ce wa kansa, faɗi mana, waye zai mare ka yanzu, da furfurarka? Ya buɗe baki da niyyar faɗa.

"Ranar Inna ce, Hajiya."

Shi kansa sai da ya ji ta a kunnensa sannan ya san abin da ya fito.

"Ranar wa?" Alhaji Mamman ya tambaya.

"Mamman, jeka ka ce a kawo wa baƙo ruwa. Ba ka ga gumi yake ba?"

Da takunsa ya yi nisa, tsohuwar ta matso da kanta, muryarta ta yi ƙasa.

"Kukar tana nan?"

Isyaku ya ɗago ya dube ta.

"Ban sani ba, Hajiya. Rabona da garin tun kafin in yi aure."

"Ni tun ina goye aka fito da ni," ta ce. "Uwata ce ta yi ta marin bakina a cikin birnin nan, ba ta gaya mini dalili ba sai da za ta rasu."

Ta goge ido da gefen mayafinta. Alhaji Mamman ya dawo da kofin ruwa a hannu.

"To Hajiya, kin amince da ranar?"

"Na amince. Allah ya kai mu washegarin Juma'ar."

Alhaji Mamman ya tuntsire da dariya, ya dafa kafaɗar Isyaku.

"Ka ji ta ko? Tun muna yara muke tsokanarta, ba mu taɓa jin ta ce Asabar ba. Hajiya, yau dai kin samu ɗan'uwa."

"Na samu," ta ce, ta ci gaba da jan carbinta.