Kason Mai Latti

Tun da safe motar Mohammed ta tsaya a ƙofar gidan Gimba a unguwar Cheetham Hill ta birnin Manchester. Mohammed abokin Gimba ne na shekaru, yana da sito inda yake sayar da kayan abincin gida, kuma a wurinsa Jedidiah, ɗan Gimba, ya sayi jar dawar da ya yi giyar da za a kai Birmingham. Mohammed da Jedidiah suka ɗaga gangar giyar suka sa a bayan mota. Gimba yana tsaye yana ba da umarni, fulas ɗin shayinsa a hammata, da wata jaka a hannu da ya ƙi faɗin abin da ke cikinta.

"Ni dai dawar tuwo na sayar," in ji Mohammed yana ɗaure gangar da igiya. "Abin da kuka mai da ita kuma, ba ruwana."

"Kawu, ai kai ka zaɓo mini mai kyau," in ji Jedidiah.

"Don na ɗauka kunu za ka dama wa tsohon nan."

Jedidiah yana aiki a wani ƙaramin kamfanin giya a Manchester, yana wanke tankuna yana taya masu dafawa. Ya daɗe yana roƙon mai kamfanin, wata mata mai suna Moira, ta ba shi babban tanki ya yi tasa giyar, irin burukutun da kakarsa take yi a ƙauyensu kusa da Zonkwa. Bai taɓa ganin kakar ba, labarinta kawai yake ji a bakin babansa. Moira ta ce ita ba ta ɗanɗana giya a kicin ɗin kowa. Ta samo masa tebur a bikin giya na Birmingham, ta ce za ta zo da yamma ta kurɓa. In ta yi mata, tankin nasa ne. In ba ta yi ba, a bar maganar. Ganga ɗaya ce tak ya iya yi, kuma burukutu ba ya jiran kowa, ranar da ya nuna ranar ake shansa.

A hanya Gimba bai yi shiru ba. Ya ba su labarin yadda yake ɗauko wa mahaifiyarsa itace yana yaro, da yadda take shanya tsiron dawa a kan dutse, da yadda maza suke zama a gindin ɗorawa suna jira. Ya ce aikin mata ne, da za ta ga jikanta namiji da ludayi a hannu da ta yi dariya har ta zauna. Ya ce dokokinta biyu ne: ba a karɓar kuɗin mutum sai ya sha ɗanɗano, kuma ba a fara sayarwa sai an ɗebi kason mai latti an ajiye, don kullum akwai wanda gona ta riƙe. Jedidiah yana ta amsa saƙonni a waya, yana cewa to, Baba, to.

Mohammed ya sauke su a ƙofar wani tsohon ginin masana'anta da aka mayar zauren biki. Ya ce shi iyakarsa nan, zai tafi unguwar Lozells wurin ƙaninsa, su kira shi in sun gama.

Ciki kuwa ya cika maƙil. Ganguna jere a kan katako, kowace da allonta, ana kiɗa a wani lungu, ƙamshin gasasshen nama yana shigowa daga tsakar gida. Kowa yana yawo da kofin gilashi, in giya ta yi masa ya miƙa tikiti a cika masa. Kafin a buɗe teburinsu Jedidiah ya zagaya da babansa, yana koya masa yadda ake yi a nan: a ɗaga kofin a dubi launi, a shinshina, a kurɓa kaɗan, a bar ta ta zagaya baki. Gimba ya bi umarnin tsaf kamar ɗalibi. Wata mai launin zuma ya ce ƙamshinta na mangwaro ne amma ɗacinta na shuwaka. Wata baƙa wulik ya ce ƙanzo ne aka jiƙa, ya kuma nemi ƙari. Wata mai tsami ta sa ya rufe ido ɗaya, ya ce wannan ta kusa zama 'yar gida. Abu ɗaya ne ya ɓata masa rai, wato ɗan digon da ake zuba wa mutum a gindin kofi a ce ya ɗanɗana. Ya ce ko maganin tari an fi haka zubawa.

Da suka koma teburinsu, Jedidiah ya kafa famfo a jikin gangar, ya zuba kofin farko. Ta fito ja-ja, da kauri, kumfa tana tashi a hankali. Gimba ya karɓa, ya manta da duk darasin shinshina, ya shanye. Ya goge baki ya ce, "Kai, ɗan nan. Ita ce." Jedidiah ya juya yana gyara allon da bai karkace ba. Yana cikin haka Gimba ya je ya ɗauraye fulas ɗinsa, ya cika shi daga famfon, ya murɗe murfin da ƙarfi, ya tura shi ƙarƙashin tebur.

Ba su daɗe da farawa ba aka zo kiran Jedidiah. Masu shirya bikin suna so ya hau bene ya yi wa mutane bayanin yadda ake giya da dawa. Ya dubi babansa cikin shakka.

"Baba, wanda ya nemi taste, wato ɗanɗano, ka ba shi. Wanda yake son cikakken kofi ka karɓi tikiti. Shi ke nan."

"Ni za ka koya wa zaman bakin tukunya? Tafi abinka."

Jedidiah yana ɓacewa Gimba ya buɗe jakar nan. Ƙananan ƙoƙuna ne, waɗanda ya zo da su daga gida tun shekarun baya, suna ajiye a saman kabad. Ya jera su a kan tebur. Wata mata mai furfura ta tsaya ta tambayi ko za ta iya ɗanɗanawa. Gimba ya cika ƙoƙo har baki, ya miƙa mata da hannu biyu, don a gidansu abin da ake kira ɗanɗano ke nan. Ta miƙo tikiti, ya ture hannunta, ya ce sai ta sha tukuna. Ta sha, ta zaro ido, ta kira mijinta. Mijin ya kira abokansa.

Kafin wani lokaci layi ya kai bakin ƙofa. Gimba ya naɗe hannun riga, yana zubawa yana ɗauraye ƙoƙuna a bokiti yana bayani. Ya koya musu riƙe ƙoƙo da hannu biyu, da kaɗa shi kaɗan don kaurin ƙasa ya taso. Wasu ɗalibai daga unguwar Selly Oak suka tambayi sunan abin, ya faɗa musu, suka yi ta maimaitawa suna tuntuɓe da shi har suka mai da shi waƙa suna buga tebur. Wani mai gemu ya ce yana jin ɗanɗanon tuffa da hayaƙi, Gimba ya ce shi dai dawa yake ji, amma ya ƙara masa don ya tabbatar. Masu teburin kusa suka bar nasu suka shiga layi. Rabon da Gimba ya ji irin wannan daɗi tun yana ɗan yaro a gindin ɗorawa.

Da Jedidiah ya sauko, ya ga cunkoson, sai murna ta kama shi. Ya kutsa ya isa tebur. Ya tarar da babansa ya karkata gangar da gwiwa, famfo yana ɗiga. Kwanon tikiti kuwa kusan wayam.

"Baba, ina giyar?"

"Ta ƙare! Ka ga mutanen nan? Ko kakarka ba ta taɓa sayar da tukunya da sauri haka ba."

"Ba sayarwa ka yi ba, Baba. Moira fa? Moira ba ta zo ba."

Jedidiah ya girgiza gangar, ba ko motsi. Ya zauna a kan akwati ya dafe kai. Watannin da ya yi yana lallaɓa tsiron dawa kusa da hita don sanyin Manchester, duk sun tafi a cikin ƙoƙuna. Bai ɗago ba sai da ya ji muryar Moira. Ta iso da jakarta a kafaɗa, tana cewa tun daga ƙofa take jin ana rera wani suna da ba ta iya faɗa ba. Ta miƙo kofinta. Jedidiah ya miƙe, ya buɗe baki zai ba ta haƙuri.

Gimba ya riga shi. Ya sunkuya ya jawo fulas, ya ce mata ta yi latti, amma a gidansu mai latti ba ya komawa da ƙishi. Jedidiah ya dubi fulas ɗin, ya tuna dokar da aka faɗa masa a mota, farin ciki ya rufe shi. Nan take kuma ya tuna wani abu. Kakarsa da faifai take rufe nata kason. Wannan giya tana da rai, tun ɗazu take aiki a cikin rufaffen fulas.

"Baba, a hankali, kada ka..."

Murfin ya yi tsalle ya bugi allo. Kumfa ta yi sama kamar an fasa famfo, ta sauko a kan Gimba, da tebur, da gaban rigar Moira. Ɗaliban Selly Oak suka sa ihu da tafi. Jedidiah ya fizgi ƙoƙo ya tara a ƙarƙashin fulas ɗin, ya jira kumfar ta kwanta. Abin da ya rage bai kai rabin ƙoƙo ba.

Moira ta share fuska da bayan hannu. Ta ajiye kofinta, ta karɓi ƙoƙon da hannu ɗaya. Gimba, kumfa na ɗiga daga girarsa, ya kamo ɗaya hannun nata ya ɗora a gindin ƙoƙon, ya nuna mata ta kaɗa. Ta kaɗa, ta shinshina, ta kurɓa, ta riƙe a baki. Ta sake kurɓa, ta shanye har kaurin ƙasa. Ta ce tsamin ya ɗan yi yawa, kuma ba ta san yadda za a sa wannan abu a kwalba ba tare da ya fasa sito ba. Sannan ta tambayi Jedidiah ko mai sayar masa da dawa zai iya kawo wadda za ta cika babban tanki.

Jedidiah ya rungume babansa, rigunansu duka jiƙe. Da ya sake shi ya ciro waya, ya kira Mohammed ya ce ya zo ya ɗauke su, kuma ya fara neman jar dawa mai yawa.

"Tuwon biki za ku yi?" in ji Mohammed.

Gimba ya karɓe wayar. Ya ce masa ya taho da tawul, kuma ya shimfiɗa leda a kujerar gaba.