Ciwon da Sejro Ya Ɓoye

Gbenu ne ya fara ganin abin, ranar wasan kusa da na ƙarshe, a ɗakin sauya kaya na filin ƙwallon kwandon guragu da ke Kwatano. Yana riƙe wa Sejro keken wasa don ya koma kansa daga keken da ya zo da shi, sai ya ga matashin kujerar ya jiƙe da wani ruwa gauraye da jini. Warin kaɗai ya isa ya gaya masa ba gumi ba ne.

"Fofo, mene ne wannan?"

Sejro ne babba a ƙungiyar, kowa Fofo yake ce masa, wato yaya. Ya fizge matashin ya kifa shi.

"Ƙurji ne. Kai ɗan sanda ne?"

"Ƙurji ba ya wannan wari. Tun yaushe?"

"Mako uku. Rage murya mana!"

Gbenu cutar shan inna ta kama shi tun yana goye, amma ko sauro ya cije shi a ƙafa yana ji. Sejro kuwa ɗan acaɓa ne da tirela ta buge shekara tara da suka wuce, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Gyambon da yawan zama ke jawowa kan ci naman irinsu har ƙashi, mai shi yana ta dariya da mutane. Duk 'yan ƙungiyar sun san haka.

"Zan gaya wa Madam Fifame," in ji Gbenu. Ita ce ma'aikaciyar jinyar da ke bin su wasanni.

Sejro ya damƙe hannunsa. Tafinsa zafi rau kamar murfin tukunya.

"Masu zaɓen 'yan wasan ƙasa suna waje. Shekarata talatin da shida, ka ga za su sake dawowa kaina? Minti arba'in kawai nake nema. Da an tashi, da kaina zan tafi asibiti. Wa ya ɗauko ka daga gyaran takalma ya ɗora ka a keken nan?"

Gbenu ya sunkuyar da kai. Ya ɗaure masa ɗamarar cinya, suka fita.

'Yan Paraku ba su zo da wasa ba. Kekuna suka yi ta karo, ƙarfe na kukan ƙarfe, ƙaurin roba ya cika ɗakin wasan. Sejro ya jefa ƙwallo huɗu a jere, 'yan kallo suna buga gwangwani suna kiran sunansa. Gbenu kaɗai ya lura cewa a cikin zafin nan na ƙarfe uku, haƙoran mutumin karkarwa suke yi.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, Madam Fifame ta ja keken Gbenu gefe.

"Kai ne na hannun daman Sejro. Idonsa bai yi mini ba. Akwai abin da ya kamata in sani?"

Sejro yana can yana kwara ruwa a ka, amma idonsa na kansu.

"Zafi ne kawai, Madam," in ji Gbenu.

Minti shida da komawa, wani ƙaton ɗan Paraku ya tare Sejro a ƙarƙashin kwando, keken ya kife da shi. Faɗuwa ba baƙon abu ba ce a wasan, kan a busa usur mutum ya dafa ƙasa ya miƙe. Sejro bai dafa ba. Yana kwance a gefe, ɗaure da kekensa, yana sambatu, yana kiran sunan wani fasinja yana tambayarsa inda zai sauka. Da aka kwance ɗamarar aka ɗaga shi, Madam Fifame ta ga bayan wandonsa. Ta kalli Gbenu, ta ce a kawo mota.

An ƙarasa wasan, su Gbenu suka sha kashi da maki goma sha ɗaya.

Likita ya ce ciwon ya taɓa ƙashi, ƙwayar cutar kuma ta shiga jini. Sau biyu aka shiga da shi tiyata. Bayan haka sai kwanciya rubda ciki, wata huɗu ko fi, ba zama ko na minti ɗaya. Maganar komawa fili kuwa, likitan ya ce a bar ta tukuna.

Akosiwa, matar Sejro, ta tare Gbenu a barandar asibiti riƙe da kwanon akasa, tuwon masara, da kifi.

"Ni ya ɓoye mini, ya ce basir ne, shi yake wanke kayansa. Kai fa? An ce ka gani."

"Na gani, Dada," in ji Gbenu, da sunan da suke kiran babbar yaya.

"Ka gani, ka ɗaure shi da hannunka." Ta wuce shi ta shiga ɗaki.

Mako biyu bayan haka sunayen 'yan wasan ƙasa suka fito. Sunan Gbenu na ciki, a gurbin da kowa ya san na wane ne. Kwana uku yana jujjuya maganar kafin ya iya zuwa asibiti.

Ya tarar da Sejro kife a kan gado, ya rame, kafaɗun nan sun zube. Fuskarsa na kallon bango.

"Koci ya riga ka faɗa mini," in ji Sejro. "Ka zo in yi maka guɗa?"

"Zan ce musu ba na so."

"Kada ka soma. In ka ƙi, ɗan Parakun nan za su ba." Ya ja numfashi da ƙyar. "Da ka faɗa wa Madam Fifame ranar, da ban sake yi maka magana ba har abada."

"Na sani."

"Amma da yanzu a zaune nake."

Wata ma'aikaciya ta shigo da tiren magani da almakashi, ta ce lokacin wankin ciwo ya yi, baƙi su fita. Gbenu ya juya kekensa a hankali don kada ya bugi ƙafar gadon, ya fita baranda ya jira.