Damin Iri

Ran ɗaya ga watan Muharram, Maniru ya dawo daga masallacin Boɗinga ya zauna bakin ɗaki, ya kira matarsa Safinatu.

"Shekara ta juya," in ji shi. "Ni ma zan juya. Daga yau duk wanda ya zo mini da magana, sai na kwana da ita kafin in ba da amsa."

Safinatu ta yi murna a ranta. Ta san halin mijinta, mutum ne da ba ya iya cewa a'a. Haka jakinsu ya tafi aro Lambara bai dawo ba. Haka ya sayar da albasa ɗanya bara, don wani dillali ya kira shi mai gida.

Bana kuwa ruwa ya ɗauke tun gero bai gama cika ido ba. Abin da suka samu bai rufe gindin rumbu ba, shi ma an kusa cinye shi. A kasuwa hatsi sai kallo, shinkafar gwamnati sai labari. Abu ɗaya ya rage mai kyau: damin iri. Maniru ne ya bi gona ya zaɓi manyan zangarniyoyi, ya ɗaure, ya rataye a ɗakin Safinatu inda hayaƙi ke kai musu. Gero ne mai saurin nuna, irin na kakanninsa. Shi za a shuka in damina ta faɗi.

Kwanaki suka shige yana riƙe da alkawarinsa. Har wani ya zo neman galma ya koma hannu banza.

Sai ranar cika-ciki ta zo. Da hantsi Inna, uwar Maniru, ta leƙa tukunya ta ga kunu tsararo.

"Wanga shi na cika-cikinmu?" ta ce. "Ni tun da nit tashi ban taɓa ganin an shiga shekara da kunu ba. Wanda bai ƙoshi yau ba, da yunwa zai ƙare shekara. Maniru, sauko da damin can."

"Inna, iri ne."

"Ni za ka gaya ma iri? Mataccen mutum shi ka shuka?"

Maniru ya sunkuyar da kai. "Ki bari in kwana da maganar."

Taubashinsa Mainasara, wanda ya zo daga Shagari tun safe yana jiran rabonsa, ya fashe da dariya har rawaninsa ya zame.

"Kai bawana, cika-ciki ba ta kwana! Gobe ka dafa ka ci kai ɗaya. Ko ko amarya ta hana?"

Safinatu tana bakin murhu. Maganar tana cikin bakinta, amma gaban suruka ba ta iya ɗaga murya. Ta dubi mijinta kawai. Shi kuwa ƙasa yake kallo.

"Rabi," ya ce a hankali. "Rabi kaɗai. Sauran ya isa gonar bayan gari."

Da hannunsa ya sauko da damin, ya kwance igiyar, ya raba biyu. Rabin da za a ajiye ya jingina shi jikin danga. Safinatu ta yi sussuka, ta sheƙe. Ƙwayoyin manya ne masu sheƙi, ba ta taɓa zuba irinsu a turmi ba.

Da ta ɗaga taɓarya ta saki, sai ta ji ƙarar ta yi yawa. Ta dakata ta saurara. Duk unguwar babu turmin da ke motsi. A irin wannan rana, da can, ko maganar juna ba a ji don daka.

"Ci gaba mana," in ji Inna.

Ta ci gaba. Ta yi ƙoƙarin sassauta hannu, amma turmi ba ya raɗa.

Ba a jima ba aka yi sallama a ƙofar gida. Tani ce, maƙwabciyarsu, da ƙwarya a ɓoye cikin mayafi. Kafin a amsa mata, wata muryar ta yi sallama a bayanta, sannan ta wani tsoho.

Tani ta gaishe da Inna, amma idonta na kan rabin da ke jikin danga.

"Mai gida," ta ce, "ashe Allah ya rufa muku asiri."

Maniru ya miƙe tsaye. Sannan ya taka zuwa wajen dangar.