Ɓerayen Baba

Ina da wani ɗan hali: labari mai daɗi ba ya kwana a cikina. Ranar da sakamakon gwajinmu ya fito, ko takalmi ban cire ba na shelanta wa gida cewa sinadarin da muke tacewa daga masoro yana kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, yana kuma danne farfaɗiya. Ban ce “a jikin ɓera” ba. Ɓera yana rage wa labari armashi.

Mai ɗakina ta ce madalla, a dai cire takalmin. Auta kuwa, wadda ke fama da farfaɗiya tun tana firamare, ba ta ce uffan ba. Da na san halin ’yata, da shirun nan ya hana ni sukuni.

Ba a jima ba uwarta ta tsinci ƙwayoyin da asibiti ke ba Auta birne a tukunyar furen da ke bakin taga. Furen ma duk ya langaɓe. Auta ba ta yi musu ba. Ta ce maganin yana sa ta barci, jarrabawar ƙarshe ta ƙarato, ga shi shafi ɗaya sai ta maimaita shi har ya gundure ta. Tun ranar da na yi shela ta koma barbaɗa masoro a shayi.

“Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa,” in ji mai ɗakina, ta bar mana falon.

Na gyara zama na yi bayani irin na aji. Na ce abin da ke cikin cokali daban, abin da ke cikin allura daban. Daga ɓera zuwa mutum tafiya ce ta shekaru, mu kuwa ko man mota ba a ba mu ba. Na ce yanke magani farat ɗaya yana iya kayar da ita a tsakiyar titi. Ta saurara da ladabi, kamar ɗalibaina, wato ba ta ji komai ba.

“Baba, kana ba ɓera, ka hana ’yarka?”

Na yi muhawara da furofesoshi, ban taɓa shan kaye irin wannan ba.

Washegari na tafi da ita ɗakin gwajin. Ta ga firjin da muke ɗaure ƙofarsa da roba, ta ga kejojin ɓeraye a jere, ta yi atishawa kamar kowane baƙo. Na ɗauko ɓera ɗaya na yi masa allurar sinadarin, muka jira. Can na zuƙo allura ta biyu. Ta tambayi ta mece ce. Na ce ita ce mai tayar da ciwon.

Ɓeran ya daɗe bai faɗi ba, ya fi na kejin da ba a ba komai ba juriya nesa ba kusa ba. Na nuna mata agogo cike da alfahari. Ba agogon take kallo ba. Da ya fara karkarwa sai ta miƙa yatsa ta juya shi ta gefensa, yadda uwarta take yi mata.

“Wato sai an sha maganin kafin ciwon ya zo?”

Na ce a wannan gwajin, e.

“Nawa ai ya riga ya zo, Baba.”

A mota ta lalubo ƙwaya ɗaya a jakarta ta haɗiye ba ruwa. Kafin mu wuce shataletale barci ya kwashe ta, littafin jarrabawar a buɗe a cinyarta. Na rage gudu, ina kauce wa ramuka, na baya suna ta danna mini oda.

Mako mai zuwa zan gabatar da sakamakon a taro, har na kai kwat ɗina guga. A duk shekarun nan ban taɓa cin karo da ɓera mai farfaɗiyar kansa ba. Duk wanda na warkar, ni na sa masa ciwon.