Sulhun Ƙarshe na Baba Na'ibi

"Kashe abin nan, ɗan Sudan," in ji Baba Na'ibi. Amma kafin Abdulghaffar ya kai hannu kan rikodar, Jabiru ya tsallake takalman da ke bakin ƙofa, ya bi lungu da gudu.

Rabi ta tsaya da farantin shayi a hannu. Jabiru ƙaninta ne. Tun da ya zo umara bai koma gida ba, ba shi da iƙama, takardar izinin zama. Makon jiya ya mari Gwadabe a kan wurin kafa tukubar tsire a bakin masallaci, Gwadabe kuwa mai takarda ne da kafili mai tsaya masa, ya rantse sai ya kai shi wa jawazat, jami'an shige da fice. Abu ɗaya ya riƙe Gwadabe: a unguwar Mahjar ba a kai Bahaushe gaban hukuma sai Baba Na'ibi ya zauna a kan maganar ya kasa. Ga shi Baban yana kwance, ba abin da ke shiga cikinsa sai ruwan kokon da Rabi ke kawo masa, da yake katanga ɗaya ta raba su.

"Kun gani ko?" Gwadabe ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Ni na zo, shi ya tsere. Halas, shi ke nan, ya Baba, na fita hakkinka."

"Zauna. Ban mutu ba tukuna."

Gwadabe ya koma ya zauna yana ƙunƙuni.

Abdulghaffar ɗalibi ne daga Hartum, yana digiri na biyu a kan yadda Hausawan da ke ƙasar wasu suke mulkin kansu da shari'arsu. Da safen nan Baba ya ɗan ji ƙarfi, ya ba shi labarin yadda aka ɗora masa nauyin yi wa Hausawa sulhu, duk yana cikin kaset ɗin.

"Wallahi, ya ammi, ban yi nufin sharri ba," in ji Abdulghaffar. "Malamaina sai da shaida. In ban ɗauka ba, cewa za su yi ƙirƙira na yi."

"Yaron nan ko tari ya yi a titi sai ya waiga," in ji Baba. "Kai kuma ka ɗaure muryarsa a akwati."

Rabi ba ta taɓa magana a gaban maza ba, ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai. Ta ajiye farantin, ta ja gyale ta rufe baki.

"Malam, ka ba ni kaset ɗin."

Abdulghaffar ya dube ta, ya dubi tsohon da ke numfashi da ƙyar. Ya san ba za a sake irin hirar safen nan ba. Ya buɗe rikodar, ya miƙa mata da hannu biyu.

A kan soro ta sami Jabiru, ya laɓe bayan tankin ruwa. Ta danƙa masa kaset ɗin. Sai da ya zare zaren duka, ya cusa a aljihu, sannan ya biyo ta.

Hukuncin mari a wurin Baba sananne ne. Wanda ya yi marin zai durƙusa ya miƙa kuncinsa, wanda aka mara ya rama, ko ya zuba masa shayi alamar ya yafe. Jabiru ya durƙusa, ya runtse ido. Gwadabe ya ɗaga hannu sama, Rabi ta juya fuska ga bango.

"Wannan kuncin duk ƙashi," in ji Gwadabe. "Hannuna zan karya a banza. Miƙo finjali, ɗan iska."

Baba ya yi dariya har ta sarƙe shi. Da ya lafa ya raba musu wurin tukubar, Jabiru bayan la'asar, Gwadabe bayan magariba. Sannan ya juyo da kai.

"Ɗan Sudan, ka ji da kunnenka?"

"Na ji, ya ammi."

"In malaman naka ba su yarda ba, su zo Mahjar su sha shayi."

Washegari da hantsi Rabi ta shigo da koko, ta yi sallama ba a amsa ba. Ta ajiye kwanon a hankali, kamar kada ta tashe shi, ta fita kiran maza.

Bayan azahar ta leƙa ta taga ana fitowa da shi. Abdulghaffar na baya, yana share ido da gefen rawani. Jabiru da Gwadabe suka kama gaban makarar. Gwadabe dogo ne, Jabiru gajere, sai makarar ta karkace gefe guda. Gwadabe ya ɗan rage tsawo, ya yi ta tafiya a haka har suka sha kwana.